Sha Ɗaya ga Watan Gani

Ba zan tsaya ba ku labarin fitarmu daga Nahuce ba, don babu abin faɗi a ciki. Damina biyu a jere ba su yi mana kirki ba, wani madugu a Gusau yana neman masu kora masa shanu zuwa Kumashi, ni da yayana Labbo muka bi shi. Sunana Sanda. Lokacin ban yi aure ba, Labbo kuwa ya bar mata da ɗiya guda a gida.

A Jega aka ƙara mana shanu. A Ilo muka ƙetare Kwara, shanu suna iyo, mu muna cikin kwalekwale riƙe da igiya. Ruwa ya tafi da bijimai biyu, madugu ya yini yana zaginmu kamar mu muka haƙa kogin. A ƙasar Bargu mun kwana uku ba wanda ya amsa mana sallama. A Jugu wata tsohuwa ta ga ƙafafun Labbo sun tsattsage, ta shiga ɗaki ta fito da man kaɗe a ɓawon ƙwarya, ta ajiye gabansa ta koma, ba ma jin yarenta ba ta jin namu. Labbo ya ce, "Ka gani ko, Sanda? Ni ko a bayan duniya mata sun san darajata. Kai hwa, da wannan fuska taka, ko ruwa ba a ba ka."

Haka yake, bakinsa ba ya hutawa. Duk inda muka sauka zancensa hoce, wainar dawar nan ta gida. Ya ce ran da muka koma gida hoce goma zai ci a zaune, kuma ba zai sam mini ko gutsure ba. A Salaga ya sha ruwan wata rijiya, gudawa ta kama shi. Daga nan surutun ya fara raguwa.

Sai muka shiga kurmi. Wanda ya tashi a ƙasar Bungudu, inda kake hango baƙo tun yana bakin gulbi, ba zai gane kurmi ba sai ya shiga. Itatuwa sun rufe sama, rana ba ta taɓa ƙasa, tufa ba ta bushewa a jiki. Saura kwana biyu mu isa Kumashi Labbo ya kasa ɗaga ƙafa. Madugu ya sa aka kwantar da shi a wata rumfa gefen wata gona, ya ce mini, "Zauna da ɗan'uwanka. Da na sayar da shanu ta nan zan biyo, mu ɗora shi bisa jaki." Har da rantsuwa. Bargunanmu da garin da muka rage duk suna kan jakin nan. Madugu ta wata hanya ya koma gida. Bayan shekaru na gamu da shi a kasuwar Gusau, ya miƙo mini hannu yana tambayar lafiyar Labbo.

Kashegari mai gonar ya same mu. Tsoho ne gajere, Batone, wato ɗan asalin ƙasar, ya yafa zane irin nasu kafaɗa ɗaya a waje, da ɗan gicciye a wuyansa, don Kirista ne. Na zabura na ɗauki sandata. Sai na ji ya ce, "Sannunku, fatake. Mai ciwo ne?" Hausa raɗau. Ashe ya yi shekaru yana sayar wa mutanenmu goro a Salaga. Sunansa Kojo, ni dai Baba na riƙa ce masa. Ya je ya dawo da matarsa Akosuwa, ɗauke da kunun masara da wani jiƙon ɓawon itace.

Jiƙon bai yi komai ba. Rana ta huɗu da hantsi Labbo ya ce in kore masa ƙuda daga fuska. Na kore. Da na sake dubansa ya tafi.

Babu Musulmi ko ɗaya a ƙauyen. Ni na yi masa wanka. Baba Kojo ya kawo farin ƙyalle daga akwatin matarsa, ya ɗauko magirbi, ya ce, "Nuna mini inda kuke fuskanta, kada in haƙa a karkace." Na yi masa salla ni kaɗai, ba liman ba sahu. Tsohon ya tsaya can baya, ya sauke zanensa daga kafaɗa, wanda daga baya na gane haka suke girmama babba. Na zauna bakin kabarin ina jiran kuka ya zo. Bai zo ba. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji fushi da madugu ba, ban ji komai ba. Yunwa kawai na ji, na tashi na shanye sauran kunun Labbo.

Ban san hanyar gida ni kaɗai ba, kuma gaskiya ban nema ba. Me zan je in ce wa matarsa? Na zauna a rumfar nan ina yi wa Baba Kojo aikin gona. Da damina saran ciyawa, da kaka fasa 'ya'yan itacen koko, a tara shi cikin ganyen ayaba ya kwana shida, a shanya. A ce ɗauki in ɗauka, a ce ajiye in ajiye. Ina yin sallolina biyar, amma lissafin wata ya ɓace mini, don a kurmi ba a ganin jinjirin wata. Azumin shekarar nan ban san shigarsa ba, ban san fitarsa ba, sai daga baya na rama.

Wata safiya ina wasa adda sai ga Baba Kojo yana jan ɗan rago irin nasu na kurmi, gajere kamar kare. Ya tsaya gabana yana murmushi.

"Sanda, barka da Sallah."

Na dube shi.

"Yau ce babbarku. Jiya na je kasuwa na ga mutanen zango suna wanke raguna, na tambaya. Ga wuƙa. Yanka da hannunka, na san ba ka cin yankanmu."

Kun san abin da ya fito daga bakina? "To." Shi ke nan. To! A Nahuce ko mahaukacin kasuwa ka ce masa barka da Sallah zai ce maka barka kadai. Tsohon ya ɗan tsaya yana jira, ya ga babu ƙari, ya ɗaure ragon a jikin rumfa ya tafi.

Na yanka, na feɗe, na gasa. A gidanmu ba a sa tsokar layya a baki sai an fitar da ta maƙwabta, tun ina yaro ni ake aika da ƙwarya har Karakkai gidan gwaggona. Gidan Baba Kojo taku arba'in ne daga rumfata, amma ko ƙafa ɗaya ban kai ba. Na ci kwana uku, sauran ya ruɓe, don nama ba ya bushewa a ƙasar nan, na haƙa rami na binne. Ba rowa ba ce, ba kuma ƙin addininsa ba. Ban tuna ba ne, da na tuna kuma ban damu ba.

Bayan kamar wata uku tasu sallar ta zo. Su Buronya suke ce mata, ita ce Kirsimetin da masu aikin hanyar jirgi ke yi a Gusau yanzu. Tun da safe aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya yafa farin zane, suna waƙa a ɗakin ibadarsu na jinka. Da rana Inna Akosuwa ta kawo mini sakwara da kanta. Hausarta gajera ce. Ta nuna miyar ta ce, "Kifi. Ba nama. Ci." Na ci, na wanke akushin, na ajiye mata a bakin ƙofa lokacin da na san ba kowa. Ina jin dariyarsu daga rumfata, ban leƙa ba.

Kashegari aka aike ni da buhun koko garin da kasuwa take, tafiyar rabin yini. A bayan kasuwar akwai zangon Hausawa. Na tarar ana rabon abinci, an kwana ana karatun Mauludi. Ina tsaye kamar gunki sai na ji wani yana ce wa mai tuwo, "Awo, zuba mini nan." Na juya da sauri, don wannan bakin namu ne. Malam Habu ke nan, mutumin Tsafe, siriri mai saurin fushi, shi ma a shekarar ya zo. Ya ja ni gindin bango, na ba shi labari tun daga Jega, kamar ina ba da labarin wani. Da na zo kan rago sai ya tsayar da ni.

"Mi ka ce mishi?"

"Na ce to."

"Ka kai mishi nama?"

"A'a."

"To jiya da suka yi tasu, ka je ka gaishe shi?"

Na ce, "Malam, ya halatta ma?"

Ya buga cinya. "Ji mini ɗan banza! Wa ya ce ka shiga ɗakin ibadarsu? Wa ya ce ka bar addininka? Mutum ya binne maka ɗan'uwa, ya nemo maka ranar Sallarka, ya kiyaye maka abin da kake ci, kai kuma gaisuwa ta gagare ka, sai yanzu kake neman fatawa? Kai ɗan wane gida ne a Nahuce?"

Wannan tambaya ita ce abu na farko da ya shige ni tun mutuwar Labbo. Ba sosai ba, kamar ƙaya ce ta taɓa ƙafa mai kaushi. Amma na ji kunya.

Malam Habu ya lissafa da yatsu. "Yau sha biyu ga watan Gani. Jiya sha ɗaya ke nan. Ikon Allah, ashe tasu ta haihuwar Annabi Isa da tamu kwana ɗaya ne tsakani. Koma ka gaishe shi, ba ta yi nisa ba."

Na koma. Na tsaya ƙofar gidan, an riga an naɗe fararen zannuwa, tsohon yana gyara kwando. Ya ce, "Ka dawo?" Na ce, "Na dawo." Gaisuwar ban yi ta ba. Na wuce rumfata. A raina na ce baɗi, sha ɗaya ga watan Gani, zan zo masa yadda ake zuwa wa mutum.

Da aikin koko ya ƙare na koma zango wajen Malam Habu ina dako. A can na yi azumi, na yi idi cikin sahu. Da Babbar Sallah ta zagayo sai ga wani mai ɗaukar kaya daga ƙauyen da ƙullin goro a ganye, ya ce Baba Kojo yana yi mini barka da Sallah, ƙafa ce ta hana shi zuwa. Na riƙe goron nan na rasa inda zan sa kaina.

Ba a jima ba cutar nan ta sauka, murar da ta share mutane tun daga bakin teku har ƙasarmu. Mutum ya yi tari da safe, kwana uku a ɗauke shi. Ta kama ni, na kwanta kwana tara, na tashi. Malam Habu yana wanke gawa, ni ina haƙa. Tun muna sanin sunayensu har muka daina tambaya. A cikin haka aka ce wani ayari na mutanen Gusau zai tashi gida kashegarin Mauludi, masu sauran ƙarfi suna so su gudu. Suka ce in zo. In na rasa wannan sai wata shekara.

Malam Habu ya ce, "Lissafi ya yi daidai. Sha ɗaya ka je ka sauke nauyin da ke kanka, sha biyu ka dawo, sha uku ka kama hanya." Mu biyu muka hau tudun bayan zango muka ga tsayuwar watan da idonmu, don kada a samu kuskure. Kullum na wayi gari sai in ƙulla ƙulli ɗaya a igiyar wandona.

Ran sha ɗaya na yi wanka, na ari rigar Malam Habu, na saɓi farin zakara a hammata. Hanya ba kowa. Na wuce ƙauye biyu, awaki suna yawo cikin ɗakuna. Ina ta maimaita gaisuwar a bakina kamar mai tilawa, ina tsoron kada tsohon ya riga ya tafi in rasa wanda zan gaya wa.

Da na isa ban ji ƙararrawa ba, ban ga farin zane ko ɗaya ba. Na ce cuta ce ta hana su. Inna Akosuwa tana zaune bakin ƙofa, ta rame har na kusa kasa gane ta. Ta nuna mini ciki. Baba Kojo yana kwance bisa tabarma, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan zarto. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na ajiye zakaran gabansa.

"Baba, barka da sallarku. Allah ya maimaita mana."

Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi zakaran, ya dubi matarsa. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu, ya faɗi wani abu da yarensu na Tonanci. 

"Barka kadai, Sanda," in ji shi. "Ya maimaita maka. Ya aka yi ka san ranar?"

Na nuna masa igiyar wandona da ƙulle-ƙullenta. Na ce tun bara nake riƙe da ranar, sha ɗaya ga watan Gani, kuma da idona na ga watan. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na ce, "Baba, ragon nan. Ko ƙafa ban kawo maka ba. Ruɓewa ya yi na binne."

"Na sani. Har nan warin ya iso." Ya numfasa. "Lokacin ba ka nan, ɗana. Jikinka ne kawai ke yi mini aiki. Tashi ka yanka zakaran da hannunka, don ka ci tare da mu."

Na yanka, Inna Akosuwa ta dafa. Ya sa ta buɗe akwati ta fito da farin zanensa, muka tayar da shi zaune muka yafa masa. Ita ma ta ɗaura nata. Ya kurɓi romo sau biyu. Ya ce ta yi masa waƙarsu ta ranar, ta yi da muryar da ta dishe, shi yana motsa leɓe. Ni na koma bakin ƙofa na zauna har ta gama. Da la'asar ta yi shi ya tuna mini, ya ce, "Je ka yi sallarka, rana ta karkata."

Kashegari ya kamata in koma zango. Na duba gidan, ba mai ɗebo ruwa, ba mai juya shi, 'ya'yansu biyu cutar ta riga ta ɗauke su. Na aika wa Malam Habu rigarsa da saƙon kada a jira ni. Ran sha uku, ran da ayari ya tashi, Baba Kojo ya cika wajen azahar. Mutanensu suka yi masa abin da suke yi, ni na haƙa. Ban yi kuka ba a nan ma. Na dai san ayari ya tafi, na san wata shekara ce ta hau kaina a ƙasar mutane, kuma ban yi nadama ba.

Na zauna ina tsinke mata kokon da ya nuna yana lalacewa a itace. Kwana goma bayan zuwana, da safe, sai na ji ƙararrawa. Na ajiye kwando na fito. Ga 'yan mutanen da suka rage, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sun yafa fararen zannuwa suna tafiya ɗakin ibada. Inna Akosuwa tana zaune tana ɓare masara cikin baƙin zanen takaba.

Na ce, "Inna, wa ya rasu kuma?"

"Ba kowa. Yau Buronya."

"Wace Buronya? Ba mun yi ba?"

Ta ci gaba da ɓare masararta. "Tamu ba ta bin wata. Taku tana tafiya, tamu tana tsaye. Bara suka haɗu a hanya kawai."

 Wallahi ko a mafarki ban taɓa zaton akwai sallar da ba ta bin wata ba, Malam Habu ma da karatunsa bai zata ba. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na sa tsoho mai jin jiki ya tashi zaune, na sa an buɗe akwati, na sa matarsa ta yi waƙa, duk a ranar da ba ita ba.

Na ce, "Don me ba ku gaya mini ba?"

"Na so. Ya hana." Ta ɗago kai. "Ya ce yaron nan shekara guda yana ɗauke da gaisuwar nan, kada in sa ya koma da ita. Ya ce shi ba zai kai yau ba. Wadda ka kawo ita ce tasa."

Ƙararrawa tana ta bugawa. Ban san abin da zan yi ba, sai na tuɓe takalmi na durƙusa gabanta na ce, "To Inna, barka da sallarku."

Ta girgiza kai, ta turo mini kwandon masara da ƙafa.

"Tashi, Sanda. Mu gidan nan mun riga mun yi tamu."